Macen Ruɗi a Farautar Talotalon Daji

Gabatarwa

Wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa da wuya a ce bai taɓa jin labarin farauta da burtu ba, ko da bai gani da idonsa ba. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe jikinsa, ya shiga rarrafe yana sunkuyar da kai yana ɗagowa kamar tsuntsu a wurin kiwo. Barewa ta saba ganin burtu a daji, kuma bai taɓa cutar ta ba, don haka sai ta ci gaba da cin ciyawarta har maharbi ya iso inda harbi zai kai. Abin da ya sa dabarar take ci shi ne dabba ba ta tsayawa ta ƙididdige duk abin da ta gani. Wasu 'yan alamomi take dubawa, in sun cika sai ta yanke hukunci.

Maharban Amurka ta Arewa su ma sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1924 masu tonon kayan tarihi sun sami siffofin agwagi guda 11 a kogon Lovelock da ke jihar Nebada, waɗanda aka saƙa da karan fadama, aka manna wa wasunsu gashin tsuntsu. An ƙiyasta shekarunsu sun kai wajen 2,000. A yau masu farautar talotalon daji a ƙasar suna kafa siffar macen talotalo ta roba ko ta soso a fili domin ta jawo namiji zuwa inda suke ɓoye. Wannan siffa ita za a riƙa kira macen ruɗi a cikin wannan nazari. Burtu yana ɓoye maharbi ne har ya isa wurin dabba, ita kuwa macen ruɗi dabbar take kirawo wa maharbi.

Zaɓen macen ruɗi yakan zama kamar ƙaramin al'amari na masu sha'awar farauta, amma a ƙarƙashinsa akwai darasi babba a ilimin halayyar dabbobi. Akwai kuma rayuka a ciki, na maharba da na tsuntsayen da aka sha wahala kafin a ceto su daga ƙarewa.

Talotalon Daji da Mazauninsa

Masana suna kiran talotalon daji da sunan Meleagris gallopavo. Asalinsa Amurka ta Arewa ne. Mutanen Meziko na dauri su suka mayar da wani reshe nasa na gida, sannan Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya yaɗu har ya iso gidajen Afirka. Wanda ya rage a daji ya sha bamban da na gida. Jikinsa a ɗame yake, yana da gudu, yana tashi sama da ƙarfi ko da yake ba ya yin nisa, kuma a kan bishiya yake kwana.

A ƙasar Amurka ana samun rassa biyar na wannan tsuntsu. Akwai na gabas wanda ya fi kowanne yawa, da na Osceola a jihar Fulorida, da na Rio Grande a Tekzas da maƙwabtanta, da na Merriam a duwatsun yamma, sai na Gould a kan iyakar Meziko. Ana bambanta su musamman ta launin bakin gashin wutsiya: na gabas nasa ja-ja ne mai duhu, na Rio Grande ruwan ƙasa mai haske, na Merriam da na Gould kuwa fari-fari.

Toro, wato babban namiji, yakan kai kilo 7 zuwa 11. Yana da gemu na wani irin gashi mai tauri da ke fitowa a ƙirji, da ƙaimi a ƙafa, da wata doguwar tsoka da ke saukowa daga goshi ta rufe baki. Kansa babu gashi, kuma yakan sauya launi tsakanin ja da fari da shuɗi gwargwadon halin da yake ciki. Mace ba ta cika wuce kilo 5 ba. Kanta toka-toka ne mai ɗan shuɗi, jikinta kuma ruwan ƙasa ne mai dushewa, wanda ke taimaka mata ta saje da busasshen ganye lokacin kwanci.

Yawan sare dazuzzuka da farauta ba ƙa'ida sun kusa shafe wannan tsuntsu. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne zuwa shekarun 1930 abin da ya rage bai fi 30,000 ba a faɗin ƙasar. A 1937 aka kafa dokar Pittman da Robertson, wadda ta sa harajin bindigogi da harsasai ya riƙa tafiya wajen kula da namun daji. An fara gwada sakin tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a gida, amma ba su iya zaman daji ba, suka riƙa mutuwa. Sai a farkon shekarun 1950, a jihar Karolina ta Kudu, aka fara kama na daji da ragar da ake harbawa da igwa, ana kai su wuraren da suka ƙare. Nan aka dace. A 1973, shekarar da aka kafa ƙungiyar kula da talotalon daji ta ƙasa, yawansu ya kai wajen miliyan 1.3, kuma a farkon shekarun 2000 ya kusa miliyan 7. Ana samun su a duk jihohin ƙasar ban da Alaska.

Abin da ke Faruwa a Lokacin Barbara

Idan hunturu ya wuce, rana ta fara tsawo, wato daga Maris zuwa Mayu, ƙarin hasken yakan motsa sinadaran haihuwa a jikin tsuntsayen. Manyan garkunan da suka yi sanyi tare sai su watse. Tun kafin nan toraye sun riga sun yi faɗace-faɗacen da ke tabbatar da wane ne babba, wane ne na biye. Su ma matan suna da nasu jerin girma, kuma akwai uwar garke wadda sauran ke kauce wa.

Da asuba toro yakan fara kuka tun yana kan reshe. In iska ta kwanta ana iya jin kukan daga nisan da ya haura kilomita ɗaya. Bayan ya sauko sai ya nemi fili, ya baza gashin wutsiyarsa guda 18 kamar mafici, ya saki fukafukai suna jan ƙasa, ya kumbura jiki, yana takawa sannu cikin taƙama. A tsarin halitta mace ce take zuwa wurinsa. Ita ke dubawa ta zaɓa, in ta amince sai ta durƙusa a gabansa ta kwantar da jiki. Binciken da Richard Buchholz ya wallafa a 1995 ya nuna cewa mata sun fi karkata ga toron da tsokar goshinsa ta fi tsawo, kuma irin waɗannan toraye sukan kasance da ƙarancin ƙwayoyin cutar hanji. Ashe tsokar da mutum zai ɗauka ado ce kawai, shaidar lafiya ce a wurin mace.

Wani abin lura kuma shi ne toraye sukan yi taƙama biyu-biyu ko uku-uku, amma ɗaya ne kaɗai ke barbara. Alan Krakauer ya yi nazarin wannan a Kalifoniya ta hanyar gwajin ƙwayoyin gado, ya wallafa sakamakonsa a 2005. Ya tarar abokan taƙamar 'yan'uwa ne na jini, kuma wanda ke taya ɗan'uwansa yana samun riba a fakaice, tun da 'ya'yan ɗan'uwan suna ɗauke da wani kaso na gadonsa. Wannan ya bayyana abin da ya sa maharbi kan ga toraye biyu sun tunkaro macen ruɗi ɗaya, guda na gaba yana taƙama, guda na baya yana sa ido.

Bayan barbara mace takan yi sheƙa a ƙasa cikin surƙuƙi. Takan saka ƙwai 10 zuwa 12, kusan ɗaya a kowace rana, sannan ta yi kwanci na kwana 28. A makonnin saka ƙwai takan kasance tare da toro da sassafe, idan hantsi ya yi ta sulale zuwa sheƙarta. In kwanci ya kankama kuwa sai ta daina zuwa gaba ɗaya. Maharbin da bai san wannan jadawali ba zai yi ta kafa macen ruɗi a lokacin da toro ke kewaye da mata na gaske, ya yi ta mamakin abin da ya sa ba a kula shi.

Daga nan ake gane wahalar aikin maharbi. Shi yana so toro ya taso ya zo wurin mace, alhali a al'adar tsuntsun mace ce ke zuwa. Aikin macen ruɗi shi ne ta ba toro dalilin karya wannan al'ada.

Ido da Kunne

Hancin talotalo ba ya taimakonsa sosai wajen gane maƙiyi, ba kamar barewa ba. Dogaronsa ga ido ne da kunne. Idanunsa a gefen kai suke, shi ya sa yake ganin wajen digiri 270 na kewayensa ba tare da ya motsa ba, in ya ɗan juya wuya kuma ya ga sauran. Wannan tsari yana da nasa rauni: yankin da idanun biyu ke haɗuwa a kan abu ɗaya ƙarami ne, don haka auna nisa ba ya zo masa da sauƙi. Shi ya sa ake ganin tsuntsun yana miƙa wuya yana karkata kai, yana duban abu ta wannan gefe da wancan.

A tantanin idon mutum akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. Talotalo, kamar yawancin tsuntsaye, iri huɗu gare shi, kuma ganinsa yana kaiwa ga wani yanki na hasken altarabayolet wanda idon mutum ba ya kamawa. Saboda haka fentin da ya yi daidai a idon mai saye ba lalle ne ya yi daidai a idon tsuntsu ba. Abin da ya fi tona asirin macen ruɗi shi ne ƙyalli. Gashin mace na gaske yana shanye haske ya mayar da kaɗan, roba mai santsi kuwa, musamman in raɓa ta jiƙa ta, takan yi walƙiya da zarar rana ta fito.

Muhimmancin kunne ya fito fili a binciken da masani Wolfgang Schleidt da abokan aikinsa suka wallafa a 1960. Sun lura cewa macen talotalon da ba ta ji takan yi kwancinta lafiya, amma da zarar 'yan tsakin sun fito sai ta far musu da sara, domin kukansu ne ke shaida mata cewa nata ne. Wato a wasu al'amura murya ta fi siffa ƙarfi a wurin wannan tsuntsu. Maharba suna kwaikwayon muryar mace da ƙaramin akwatin katako mai murfin da ake gogawa, ko da faifan allo da ɗan tsinke, ko da wata 'yar roba da ake sawa a ganɗa. Toro yana iya gane inda murya ta fito daidai. Idan ya iso wurin bai ga mace ba, sai ya tsargu ya juya. Macen ruɗi ita ke cika alkawarin da muryar ta yi, kuma tana ɗauke idon tsuntsun daga inda maharbi yake zaune.

Gwajin Kai a Kan Sanda

Niko Tinbergen da Konrad Lorenz, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1973 tare da Karl von Frisch, sun nuna cewa ɗabi'un dabbobi da yawa alama ɗaya tak ke tayar da su. Misalin da ya shahara shi ne na 'yan tsakin wani tsuntsun bakin teku da ke saran jan ɗigon da ke bakin uwarsu don neman abinci. In an zana jan ɗigo a jikin kwali sukan sare shi haka nan.

A shekarun 1950 da 1960, Martin Schein da Edgar Hale na Jami'ar Jihar Fensilbaniya sun nemi sanin wace alama ce ke motsa toron talotalo. Suka ajiye wa torayen gida gawar mace da aka cusa aka tsayar, torayen suka yi mata taƙama kamar mai rai. Sai suka shiga cire sassanta ɗaya bayan ɗaya, wutsiya da ƙafafu da fukafukai, amma sha'awar torayen ba ta ragu ba. A ƙarshe babu abin da ya rage sai kai a kan sanda, kuma duk da haka suka ci gaba. Da aka ba su zaɓi tsakanin kai marar jiki da jiki marar kai, kan suka zaɓa. Bayanin da masanan suka bayar shi ne, toro ya fi mace girma ƙwarai, idan ya hau ta yakan rufe jikinta duka, kanta kaɗai yake gani.

Sai dai a yi hattara da wannan sakamako. Torayen gida aka yi gwajin da su, a cikin keji, tsuntsayen da ba su san dila ko muzuru ba. Toron daji yana ɗauke da ƙarfi biyu masu jan sa, sha'awa da tsoro, kuma wanda ya kai shekara uku ko huɗu bai kai ba sai don tsoronsa ya fi yawan rinjaye. Abin da gwajin ya koyar shi ne inda ya kamata mai zaɓe ya fara dubawa: siffar kai, da launinsa, da yadda wuya ya tsaya. Sauran jiki kuma aikinsa kada ya tayar da tsoro.

Yadda Ake Zaɓe

Abu na farko shi ne tsayuwa, domin da ita tsuntsaye ke yi wa juna magana. Macen ruɗi iri uku ce ta wannan fuska.

Ta farko ita ce mai tsayuwa da kai a sama. Ana hango ta daga nesa, ko a cikin ciyawa mai ɗan tsawo, don haka ta dace da manyan filaye. Amma akwai bambanci tsakanin macen da ta ɗaga kai tana dube-dube hankali kwance da wadda ta miƙe wuya ƙyam saboda ta ga abin tsoro. Wadda wuyanta ya miƙe sosai, gashinta ya lafe a jiki, saƙon haɗari take bayarwa. Ana son wuya mai ɗan lanƙwasa da jiki a sake. Irin wannan tsayuwa takan kuma harzuƙa uwar garke, ta taho da niyyar korar baƙuwa, toro ya biyo bayanta.

Ta biyu ita ce mai kiwo, kanta a ƙasa. Tsuntsuwar da ke cin abinci shaida ce cewa wurin lafiya lau yake. Ita ce ta fi ƙarancin tsorata tsuntsaye, kuma ta fi amfani a wuraren da aka matsa da farauta, ko a ƙarshen lokaci. Tana da wata fa'ida kuma: tun da ba ta duban toro, taƙamarsa daga nesa ba ta da amfani, sai ya matso don a gan shi. Rauninta shi ne ciyawa kan ɓoye ta.

Ta uku ita ce mai durƙuso, wadda ke nuna ta amince da barbara. Saƙonta ya fi na sauran ƙarfi, amma ba a hango ta sai a gajeriyar ciyawa ko a kan hanya. An fi haɗa ta da siffar saurayin toro, wato ɗan shekara ɗaya mai gajeren gemu, a kafa shi a bayanta. Babban toro ba ya jure ganin yaro a kan mace, sai kishi ya kawo shi a guje. Wannan haɗi takobi ne mai kaifi biyu, domin toron da ya sha kaye a faɗa, ko wanda gungun samari suka taɓa kora, yana hango namiji sai ya kauce.

Daga nan ake daidaita tsayuwa da lokaci. A farkon lokacin farauta, sa'ad da garke bai gama watsewa ba kuma rigimar girma tana da zafi, mace ɗaya ko biyu tare da saurayi sun fi jawo hankali. A tsakiya, lokacin da mata ke sulalewa zuwa sheƙa, mace guda mai tsayuwa ko mai durƙuso takan yi aiki da hantsi, lokacin da toro ya rage shi kaɗai. A ƙarshe, bayan toraye sun gaji da faɗa kuma sun ga dabarun mutane iri-iri, mace ɗaya mai kiwo ta isa. Wanda kuɗinsa bai wuce na guda ɗaya ba, abin da ya fi masa shi ne mai tsayuwa a sake, domin tana shiga kowane lokaci.

Abu na biyu shi ne kayan da aka yi ta da shi. Ta soso ba ta da nauyi ko tsada, amma takan lanƙwashe a jaka, kuma iska kan juya ta kamar ƙoshiya. Wadda ake hura wa iska tana shiga aljihu, sai dai ƙaya ɗaya ta ishe ta. Ta roba mai tauri ita ta fi kama da gaskiya, domin ana fitar da zanen gashi ɗaya-ɗaya a jikinta, amma tana da nauyi da cin wuri, kuma takan yi ƙara in ta bugi reshe. Akwai ta roba mai laushi da ke naɗewa ta koma siffarta, wadda ta tsaya a tsakani. Akwai ta hoto a kan ƙyalle, mai fuska biyu kawai, wadda ke ɓacewa daga idon tsuntsu in ya zagayo ta gefenta. Sai kuma fatar mace ta gaske da aka jeme aka cusa, wadda babu kamarta wajen kama, amma ruwa na lalata ta kuma tana da tsada. Mai farauta a gona, wanda zai zauna wuri ɗaya, nauyi ba ya damunsa. Mai yawo a duwatsu yana bin kukan toro kuwa, abin da zai iya ɗauka ya kafa cikin daƙiƙu kaɗan shi ne nasa.

Abu na uku launi ne da girma. Ana son fenti marar ƙyalli, da kai mai launin toka da shuɗi kaɗan. Jan launi mai yawa a kan mace kuskure ne, domin ja alamar namiji ce a idon tsuntsu, haka ma a idon wani maharbin. Girmanta kada ya wuce na mace ta gaske, in ma ta ɗan gaza ya fi, tun da ƙaramar mace ba ta razana kowa. Dacewa da launin reshen da ke yankin yana da kyau, amma bai kai tsayuwa da rashin ƙyalli muhimmanci ba.

Abu na huɗu motsi ne. Talotalo mai rai ba ya daskarewa sai ya ga haɗari, don haka siffar da ta yi minti goma ba ta motsa ba abin zargi ce. Turke ɗaya da ke barin ta ta ɗan juya da iska ya wadatar. In iska ta yi ƙarfi, maharba sukan kafa tsinke biyu a gefen wutsiya domin juyin ya tsaya a ɗan taƙi.

Wurin Kafawa

Bindigar da ake wannan farauta da ita mai watsa ƙananan harsasai ce, kuma kai da wuya ake nema. Iyakar da aka daɗe ana koyarwa ita ce yadi 40, wato wajen mita 36. Bayan wannan nisa harsasan sukan warwatse, tsuntsu ya tafi da rauni ya mutu a ɓoye. Saboda haka ake kafa macen ruɗi a mita 14 zuwa 18 daga maharbi, ta yadda ko toro ya tsaya nesa da ita kaɗan, yana cikin iyaka. Mai kwari da baka yakan kusanto da ita fiye da haka.

Babbar matsalar da ake fuskanta ita ce toro ya hango mace daga mita 70 ko 80, ya tsaya cak ya baza wutsiya, yana jiran ta zo kamar yadda aka saba. Don kauce wa wannan, wasu sukan juya ta ta ba hanyar da zai fito baya, kamar mai shirin tafiya. Wasu sukan kafa ta a inda ba zai gan ta ba sai ya riga ya matso, kamar bayan ɗan tudu ko kwanar hanya. A cikin kurmi mai duhu kuwa, sau da yawa barin ta a jaka ya fi, domin toron da ke neman mace bai gan ta ba yakan ci gaba da tahowa, kuma cin karo da siffa kwatsam a kusa yakan firgita shi.

Haɗari da Doka

Siffar da ta iya ruɗin tsuntsu tana iya ruɗin mutum. Maharbin talotalo yana zaune ne cikin tufafi masu launin daji, yana kwaikwayon muryar abin farauta, ga kuma siffar tsuntsu a gabansa. Wani maharbin na iya biyo muryar ya harbi siffar, harsasai su wuce su sami mai ita. Saboda haka hukumomin namun daji suke koyar da wasu ƙa'idoji. A zauna a jingina da bishiyar da ta fi kafaɗu faɗi. A kafa siffar a inda ake ganin fili mai nisa a bayanta, don a hango duk mai tahowa. Kada a sa tufafi mai ja ko fari ko shuɗi. A ɗauki siffar a rufe cikin jaka, kada kanta ya leƙo. In an ga wani maharbi, a yi masa magana da babbar murya, kada a ɗaga hannu ko a motsa. Ta wannan fuska mace ta fi siffar namiji aminci, domin a lokacin barbara doka a yawancin jihohi namiji ko mai gemu kaɗai ta yarda a harba.

Akwai wata dabara da ta yi kama da ta burtu ƙwarai, inda maharbi ke ɓuya a bayan bazazzen gashin wutsiyar toro yana rarrafe zuwa wurin tsuntsu. Tana ci, amma tana sa kan mutum daidai inda wani zai auna, shi ya sa wasu jihohi suka hana ta. A Fensilbaniya ma doka ba ta yarda a yi saɗaɗa zuwa wurin tsuntsu a wannan lokaci ba, sai dai a zauna a kira shi. Amfani da tsuntsuwa mai rai a matsayin ruɗi kuwa haramtacce ne a dokokin jihohi da dama.

Bayan kaiwa ƙololuwa a farkon shekarun 2000, yawan talotalon daji ya ja baya a wurare da yawa, musamman kudu maso gabashin ƙasar, inda 'yan tsakin da ke rayuwa suka ragu. Daga cikin dalilan da ake nazari akwai lalacewar wuraren sheƙa da yawaitar dabbobin da ke cin ƙwai. Masana irin su Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya sun ja hankali ga wani abu kuma: kashe manyan toraye tun kafin mata su sami barbara na iya dagula tsarin haihuwa, kuma su manyan ne suka fi saurin afka wa siffar ruɗi saboda kishi. A 2022 jihar Jojiya ta jinkirta buɗe farauta, ta rage adadin da mutum zai harba daga uku zuwa biyu. A wannan shekarar jihar Alabama ta hana kafa siffofin ruɗi a kwanaki 10 na farko. Ke nan kafin maharbi ya tambayi wace siffa ce ta fi, wajibi ne ya duba ko dokar jiharsa ta yarda ya kafa ta a ranar.

Kammalawa

An ga cewa zaɓen macen ruɗi ya dogara ne ga sanin tsuntsun: abin da idonsa ke gani, da abin da kowace tsayuwa ke nufi a wurinsa, da matakin da barbara ta kai a makon da ake ciki. Kai da wuya su ne kan gaba, ƙyalli shi ne babban aibi, kuma akwai ranar da rashin kafawa ya fi kafawa. Ɗalibin ilimin halittu ba ya buƙatar zuwa Amurka kafin ya gwada wannan. Toron talotalon gida yana nan da irin halin ɗan'uwansa na daji. Ana iya sassaƙa kan mace da itace marar nauyi, a shafa masa launin toka, a kafa shi a kan sanda a tsayi daban-daban, a riƙa rubuta wane tsayi ne ke sa toro baza wutsiya, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya daina kulawa.